Man Agadem, Wutar Kainji, Hatsin Dawanau: Ina Arzikin Nijar Ya Dosa?

A watan Maris na 2025 layin mai ya miƙe a Yamai. 'Yan kabu-kabu suna tura babura da hannu daga wannan gidan mai zuwa wancan, masu motoci suna kwana a layi, a wasu garuruwan kuma lita ɗaya a bayan fage ta ninka farashin gwamnati har ta zarce. Wanda bai san ƙasar ba sai ya ɗauka ko ɗigon mai babu a ƙarƙashinta. Alhali a lokacin Nijar ta kusa cika shekara tana loda ɗanyen mai a jiragen ruwa, kuma matatarta ta Soraz da ke kusa da Damagaram tana aiki tun ƙarshen 2011.

To ina man ya shiga? Wanda yake neman amsa sai ya bar Yamai ya koma Abuja, ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Bola Tinubu yana tsakiyar jawabin shan rantsuwa ya ce tallafin mai ya ƙare. Ba na jin Nijar ta faɗo masa a rai a wannan ranar. Amma shekara da shekaru, babban kaso na man da ake ƙonawa a Ƙonni da Maraɗi da Magarya da Difa man Najeriya ne mai tallafi, ana tsallakowa da shi a jarkoki, 'yan ruwa-ruwa su ɗura a kwalabe su jera a bakin titi. Jami'an Sonidep, kamfanin gwamnati mai rarraba mai, sun faɗa da bakinsu cewa wannan man na fasa-ƙwauri yakan cike kusan rabin kasuwa. Da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta taɓa 1,000, sai ribar jarka ta ƙafe. Mai sayen kwalba ya koma gidan mai. Ita kuwa Soraz ganga 20,000 take iya tacewa a rana. A farkon buɗe ta wannan ya isa har da rarar da ake sayar wa maƙwabta, amma motoci da babura sun ƙaru, jarka ta ɗauke ƙafa, ga gwamnatin soja ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024. Nauyi ya yi wa matatar yawa. Da abin ya ci tura, tawaga aka tura Najeriya neman tankoki, ƙasar da watanni uku kafin nan shugaban mulkin sojan Nijar Janar Abdourahamane Tiani ya zarga da haɗa baki da Faransa.

Wannan labarin na mai shi ne hoton dangantakar gaba ɗaya. Abin da ya fi girgiza aljihun ɗan Nijar daga Najeriya, sau da yawa ba abin da aka shirya domin Nijar ba ne. Shawara ce da aka yanke domin Legas da Kano, guguwarta ta tsallaka iyaka ba fasfo.

Riga ɗaya, mutum biyu

Nijar tana da tattalin arziki iri biyu. Akwai na takarda, wanda Bankin Duniya da Asusun IMF suke aunawa: man Agadem, yuraniyom ɗin Arlit, zinariya, kasafi, bashi, sefa. Wannan fuskarsa tana kallon Kwatano da Beijin da Faris, da Dakar inda BCEAO, babban bankin ƙasashen da suke kashe sefa, yake. Akwai kuma na kasuwa, wanda mafi yawan mutum miliyan 26 da ɗoriya suke ci daga gare shi: gero, dawa, wake, albasar Galmi, ayar Maraɗi, tattasan Difa, kanwa, sa, rago, raƙumi, da ci-rani. Shi wannan Kano yake kallo, da Sakkwato, da Katsina, da Maiduguri.

Taswira ce ta tsara haka. Mafi yawan ƙasar hamada ce, jama'a kuwa sun taru a ɗan siririn yankin kudu inda damina take isa a yi shuka, wato daidai tsawon iyakar da ta haura kilomita 1,500 tsakaninta da jihohin Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Mutumin Maraɗi ya fi kusa da Katsina, nesa ba kusa ba, a kan Yamai. Mutumin Damagaram ya je Kano ya dawo kafin ɗan'uwansa ya isa babban birnin ƙasarsa. Shi kuwa na Difa, Yamai ta fi masa kilomita 1,300.

Ba sai an daɗe a kan tarihi ba, kowa ya san shi. Sarakunan Katsina da jihadi ya tayar su ne suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Gobirawa suka zauna a Tsibiri. Turawan Ingila da na Faransa suka ja layinsu a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, suna ta gyara shi domin Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Layin ya raba gwamnati, bai raba kasuwa ba. Abin da ya sauya shi ne girman ɓangarorin. Ɗaya ya zama ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 da teku da masana'antu, wadda ko bayan faɗuwar naira arzikinta ya ninka na Nijar fiye da sau goma. Kano da Katsina da Jigawa kaɗai, a ƙiyasi, sun fi Nijar duka yawan jama'a.

Dattawan Nijar suna da suna ga yunwar 1984 zuwa 1985: El Buhari. Fari ne ya kawo ta, amma rufe iyaka da gwamnatin sojan Muhammadu Buhari ta yi daga 1984 ya toshe hanyar hatsi, sai sunan ya bi ta. A 2005 ma, lokacin da hotunan yaran Maraɗi suka cika gidajen talabijin na duniya, ba fara da ƙarancin ruwa kaɗai ba ne. Farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin arewacin Najeriya, gero ya bi inda kuɗi yake. A Agustan 2019 Buhari ya sake rufe iyaka, wannan karon da farin kaya, har Disambar 2020. Shinkafar da ake shigowa da ita ta Benin ya nufa, amma alhazan Maraɗi da Ƙonni da Gaya, waɗanda sana'arsu ita ce sauke kaya daga Kwatano su miƙa Najeriya, sun ji a jikinsu.

Wata bakwai na takunkumi

Ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS, wadda a Nijar ake kira Sedeyawo, ta zauna a Abuja ƙarƙashin Tinubu ta zuba takunkumi mafi tsanani da ta taɓa ɗora wa wata ƙasa tata: a rufe iyakoki, a hana jirage, a daskarar da kuɗin gwamnati a babban banki, a dakatar da ciniki, sannan wa'adin mako guda ko a yi amfani da ƙarfi. A farkon Agusta Najeriya ta katse wutar lantarki.

Lissafin Abuja shi ne ƙasar da ba ta da teku, wadda kusan kashi 40 cikin ɗari na kasafinta daga tallafi da rancen waje yake, ba za ta yi wata biyu ba ta durƙusa. Ta wani ɓangare lissafin ya yi daidai. A Oktoban 2023 gwamnati ta zaftare kasafin shekarar da kashi 40, daga sefa tiriliyan 3.29 zuwa 1.98. Kafin Fabrairun 2024 bashin da ta kasa biya a kan lokaci ya haura dala miliyan 500. Bunƙasar tattalin arziki, wadda ta kusa kashi 12 a 2022, ta faɗo wajen kashi 2. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya, bankuna suka taƙaita abin da mutum zai iya cira daga kuɗinsa.

Inda lissafin ya karye wurare biyu ne. Na farko, wuyar ba ta juya mutane kan sojoji ba, ta juya su kan Sedeyawo da Faransa. Taken da ya karaɗe gari shi ne "zancen ƙasa ne", da Zabarmanci "labu sanni no", har aka kafa asusun ceton ƙasa ana cirar 'yan kuɗi daga katin waya da tikitin mota. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, takunkumin wuƙa ce mai kaifi biyu. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari, albasa ta ruɓe, dillalan dabbobi suka zauna, 'yan dako da masu abinci a bakin iyaka suka rasa na cefane. Sanatocin arewa suka ƙi amincewa da yaƙi. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka tafi Yamai, Muhammadu Sanusi na II ya gana da Tiani, Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka yi ta kai-komo. Duk mai son ya san iyakar ƙarfin Najeriya a kan Nijar ya dubi waɗannan makonni: ba sojan Nijar ne ya hana yaƙin ba, arewacin Najeriya ne.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Bazoum yana tsare inda yake. A Maris iyaka ta buɗe ta ɓangarorin biyu. Amma kafin nan, a 28 ga Janairu, Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewa daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, suka rungumi ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES.

Batun wuta ya cancanci a ɗan tsaya a kai, domin a ganina a nan Najeriya ta yi asarar da ta fi kowace. Kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin da Nigelec, kamfanin wutar Nijar, take rabawa daga Najeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. Ba sadaka ba ce, saye ake yi. Kuma akwai dalili a ƙarƙashinsa: madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, da ruwan Kwara take rayuwa, ruwan kuwa sai ya ratsa Nijar kafin ya iso. Muddin Yamai tana samun wuta mai sauƙi, ba ta da gaggawar datse kogin a sama. Wannan fahimta ta tsallake juyin mulki bayan juyin mulki a ƙasashen biyu ba a taɓa ta ba. Da aka katse layin a 2023, an koya wa duk wanda zai mulki Nijar nan gaba, soja ko farar hula, cewa makunnin fitilarsa yana hannun wani. Tun daga nan aka matsa wa tashar Gorou Banda mai amfani da baƙin mai, aka kunna ta hasken rana mai megawat 30 a gefenta, ana ta maganar kwal ɗin Salkadamna, madatsar Kandaji mai megawat 130 a yankin Tilaberi kuma ta koma maganar martabar ƙasa duk da shekarun da ta kwashe tana jan ƙafa. Ranar da Kandaji ta cika, injiniyoyin Kainji da Jebba za su fara ƙirga ruwan rani da idon da ba su saba ba.

Bututun da ya kauce wa Najeriya

Babban abin da ake dogara da shi idan ana maganar makomar arzikin Nijar shi ne bututun mai daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000, kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya gina, kuma an tsara ya riƙa fitar da ganga 90,000 a rana, abin da zai ɗaga haƙar ƙasar daga 20,000 zuwa 110,000. Ga Najeriya wannan ba komai ba ne, ita da take haƙo fiye da miliyan guda. Ga Nijar kuwa shi ne ya sa bunƙasar 2024 ta haura kashi 8, a sahun gaba a duk Afirka.

Abin lura shi ne hanyar da ya bi. A 2018 Buhari da shugaban Nijar na lokacin Mahamadou Issoufou sun halarci sa hannu kan shirin jawo man Nijar zuwa wata sabuwar matata a jihar Katsina. Maganar ta mutu a takarda. Bututun ya gangaro kudu, ya bi gefen iyakar Najeriya ta Ƙonni da Doso, ya tsallaka Benin ta wajen Gaya. An guje wa babban maƙwabci, aka faɗa hannun ƙarami, sai ga shi ƙaramin ma yana da haƙori. Bayan ɗage takunkumi Nijar ta ƙi buɗe iyakarta da Benin, tana zargin akwai sansanonin Faransa a can. A Mayun 2024 shugaban Benin Patrice Talon ya ce to ba za a loda mai a tasharsa ba. 'Yan Sin suka shiga tsakani jirgin farko ya tashi, a Yuni aka kama wasu 'yan Nijar a tashar Seme, Yamai ta rufe famfo, 'yan tawaye suka fasa bututun a cikin ƙasa. Sai a Agusta lodi ya dawo.

Sannan man ma an ci wani kasonsa tun yana ƙasa. A Afrilun 2024 gwamnatin firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, a biya da mai cikin shekara guda da ruwan kashi 7. Wanda ya ci bashin gero tun kafin girbi ya san yadda kaka take zuwa masa. Shekara ba ta cika ba dangantaka ta yi tsami: a Maris na 2025, daidai lokacin layin man nan, aka kori manyan jami'an Sin uku na CNPC da Soraz da kamfanin bututun, ana ƙorafin bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa.

Yuraniyom kuma, wanda tun 1971 ake haƙa a Arlit, ya fi yawa a bakin 'yan siyasa a kan abin da yake sakawa a baitulmali. Mahaƙar Cominak ta rufe a 2021. An ƙwace lasisin mahaƙar Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, an mayar da mahaƙar Somaïr hannun gwamnati a Yunin 2025, ana shari'a a kotunan sasanci na waje. Ko wane ne mai shi, sai ya samu hanyar teku, hanyar da aka saba kuwa ta Kwatano ce. Da ita a rufe, kayan da Nijar take shigowa da su sai su sauka a Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori da rakiyar soja, ayari guda ya yi makonni. Kuɗin wannan zagaye a kan buhun shinkafa da kwalin magani yake sauka.

Jika nawa yau?

A kasuwannin iyaka wannan ita ce tambayar farko da safe, wato naira nawa ce jika guda (sefa 1,000), kafin a tambayi kuɗin rago. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro guda, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, ta zame daga wajen 460 a dala zuwa fiye da 1,500 a 2024. Tsofaffi suna tuna lokacin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka, ɗan Nijar yana ɓoye ta kamar zinariya. Yau ɗan canji a Jibiya sefa yake nema.

Mai kallo daga nesa zai ce ai wannan daɗi ne ga Nijar, kuɗinta ya yi ƙarfi. Wani ɓangaren haka ne. Siminti, robobi, taliya, sabulu, takin zamani, masara, duk abin da aka yi a Najeriya ya yi araha ga mai sefa a hannu. Shi ya sa a farkon 2024 'yan kasuwa daga ƙetare suka yi ta kwasar hatsi a Dawanau da sauran kasuwanni, har kwastan na Najeriya suka shiga tare motocin abinci a hanyar iyaka, talakan Kano yana cewa an kwashe masa abinci.

Amma juya ka dubi mai sayarwa. Makiyayi ya kora shanunsa zuwa Maigatari ranar Alhamis, an biya shi da naira, ya je canji ya ga abin da ya rage bai kai abin da zai samu a gida ba. Kasuwar da ta fi kowace sayen dabbobinsa ta talauce a kansa. Haka mai wake, haka mai tattasai. Wanda ya fi shan wuya shi ne ɗan ci-rani: mai ga-ruwa a Kano, mai shayi a Abuja, mai gadi a Legas, mai yankan farce da mai wankin takalmi, waɗanda suke barin ƙauyukan Tawa da Damagaram bayan girbi. A ƙarshen 2022, da jika guda take wajen naira 1,100 zuwa 1,200, wanda ya tara naira 50,000 yana aika wa gida jika arba'in da wani abu. A ƙarshen 2024, da jika ta haura naira 2,500, wannan kuɗin jika ashirin ne ko ƙasa. Gumi ɗaya, rabin hatsi. Babu wani rahoton bunƙasar kashi 8 da yake nuna wannan ramin, kuma shi ne yake tura samari Libiya da Aljeriya da ramukan zinariyar Jado maimakon kudu.

A nan ne maganar sabon kuɗin AES take buƙatar a yi ta da sanyin kai. Ƙasashen uku sun fita daga Sedeyawo amma suna nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu kuɗi guda, suna kashe sefa, kuma a kasuwar bashi ta wannan ƙungiya gwamnatin Nijar take samun rance, da tsada. Ƙorafin cewa sefa ragowar mulkin mallaka ce yana da tushe. Sai dai duk ɗan Ƙonni ya ga da idonsa abin da ya sami naira, kuɗin ƙasa mai cikakken 'yanci da rijiyoyin mai. Zai yi wuya ka same shi yana gaggawar rabuwa da jikarsa.

Gwamnatin soja ta ɗauki hanyar riƙe kaya a gida. A Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso. A Mayun 2025, ana shirin Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi domin rago ya yi sauƙi a Yamai. Ma'aikacin birni ya ji daɗi. Makiyayin da ya yi shekara yana kiwo domin kasuwar layya ta Najeriya shi ya biya kuɗin wannan daɗin, dillalan Illela da Mai'adua kuma suka yi ta neman raguna daga Chadi da wasu wurare. Ni dai ban ga yadda za a hana mutum sayar wa mai saye mafi girma a yankin ba, a kuma sa ran zai ƙara kiwo baɗi. Dokar irin wannan abin da take haifarwa shi ne hanyar daji da cin hanci a shingaye, kamar yadda rufe iyakar 2019 ya yi a ɗaya ɓangaren.

To me ake hange? Idan bututu ya zauna lafiya kuma damina ta yi kyau, alƙaluman bunƙasa za su ci gaba da yin kyau na wasu shekaru. IMF ta dawo da ba da kuɗi tun Yulin 2024, Bankin Duniya ma ya dawo. Amma sharuɗɗan nan biyu manya ne. Damina ba ta hannun kowa: a 2024 ruwa ya yi yawa har ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan guda, ta rushe tsohon masallacin Damagaram. Jama'a kuma suna ƙaruwa da fiye da kashi 3 a shekara, mace guda tana haihuwar wajen shida a matsakaici, rabin 'yan ƙasa ba su wuce shekara 15 ba. Ma'ana, kashi 3 na farko na duk wata bunƙasa bakin jarirai yake shiga kafin kowa ya ji canji. Rijiyar mai kuwa ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa. Gona da garke su ne suke ɗauke da kusan mutum takwas cikin goma. Kuɗin man zai taɓa talaka ne kawai idan ya koma noman rani da makaranta da asibiti, alhali yaƙi a Tilaberi da Difa yana lashe kaso mai tsoka.

Shi kansa zaman lafiyar bututun da Najeriya yake ɗaure. A Disambar 2024 aka kai masa hari a wajen Gaya, Yamai ta ce Lakurawa ne daga Najeriya. A hirarsa da Hausa ranar Kirsimeti Tiani ya zargi Abuja da sanin shirin Faransa, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro Nuhu Ribadu ya fito shi ma da Hausa ya musanta. Abin dariya, abin tausayi: manyan jami'an ƙasa biyu suna faɗa da harshen da kakanninsu suka yi ciniki da shi, kowa yana neman kunnen jama'a guda. A Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. A Afrilu kuma ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya sauka a Yamai, ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, aka farfaɗo da maganar hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971. 'Yan bindigar da suke tsakanin Zamfara da Madarumfa, da waɗanda suke tsakanin Tangaza da Doso, ba su damu da wanda yake cikin Sedeyawo da wanda ya fita ba.

A teburin wannan hukuma akwai manyan ayyuka biyu. Ɗaya bututun iskar gas ne da zai tashi daga Najeriya ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya, kilomita fiye da 4,000, wanda aka sa wa hannu tun 2009, aka sake sabunta takardunsa a birnin Aljiyas a Fabrairun 2025. A nan Najeriya ce mai buƙata, domin ba ta da hanyar hamada sai ta Agadas. Ɗayan shi ne layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil yake ginawa a kan kusan dala biliyan 2, Najeriya ce kuma take biya. A kudancin Najeriya an yi ta zagin Buhari cewa ya kai wa danginsa jirgi. Dalilin kasuwancin kuwa a fili yake: a janye kayan Nijar daga Kwatano da Lome zuwa tashoshin Legas. Da iyakar Benin a rufe, hanyar Burkina kuma cike da haɗari, wannan dalili ya fi ƙarfi yau a kan ranar da aka fara aikin, muddin aka haɗa Kaduna da Kano, kuma aka rage shingayen da suke tatsar direba daga Apapa zuwa Jibiya.

Sai dai ƙarfe kaɗai ba ya tsallakar da kaya, sai da takarda. Da Nijar ta fita, Sedeyawo ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, kayansu kuma su ci gaba da shiga a tsarin ciniki marar haraji, har zuwa wani lokaci. A ƙarshen Maris na 2025 AES ta sanya nata harajin kashi 0.5 a kan kayan da ake shigowa da su daga waje. Yarjejeniyar wucin gadi ce ke riƙe da mai albasar Galmi da mai simintin Sakkwato a yanzu, kowane ɓangare kuma yana iya janye ta da sanarwa guda a rediyo.